Riga Mai Yagaggen Aljihu

A gidanmu na Tudun Wada, hoton kakana sanye da kakin soja yana rataye a falo, ko ƙuda bai isa ya sauka a kansa ba. Da hoton nan na addabi 'yan ajinmu. Har cewa na yi shi kaɗai ya kori bataliya guda a yaƙin basasa, da bulala.

Da malamin tarihi ya ce kowa ya binciko rayuwar wani a danginsa, sai na je gidan wata ƙawata a Tudun Jukun don mu yi aikin tare. Ina shiga falonsu na ga nata kakan a bango, shi ma cikin kaki. Na matsa kusa. Aljihun hagu ya yage, an ɗinke da farin zare, kamar namu. Maɓalli na biyu babu, kamar namu. Hatta tukunyar fulawar da ke gefe ita ce.

"Kakanki aron rigar kakana ya yi," in ji ƙawata, ko kunya babu.

Na dawo gida ina lissafi. Idan tsohon nan bai taɓa zuwa yaƙi ba, ni da makaranta sai dai a lahira. Na fara sa masa ido. Tabon ƙafarsa da yake cewa na harsashi ne, da na duba da kyau sai ya yi mini kama da cizon jaki. Na saki faranti a bayansa da gangan, bai ko motsa ba, na rasa ko taurin zuciya ne ko kunnen ne ya tafi. Na tambayi kakata takardunsa na sallama daga soja, ta ce gara ta cinye su. Wannan gara kuwa ta san abin da take zaɓa.

Ranar Juma'a da ya dawo daga masallaci na tare shi a zaure, na nuna masa hoton da na ɗauko a waya.

"Tsoho, yau asirinka ya tonu. Soja nawa ne a cikin rigar nan?"

Ya kai wayar dab da hancinsa, ya fashe da dariya. "Wannan ai tela ne. Ko taya ce ta fashe sai ya shige ƙarƙashin kekensa. Amarya, rabin samarin garin nan sun shiga rigar nan. Ina dawowa mahaifiyata ta matsa sai na ɗauki hoto. Ana gamawa na tuɓe, na bar wa mai hoton."

"Haka kawai? Ban yarda ba."

"Ba na son ganinta a ɗakina."

"To ya aka yi aljihun ya yage?"

Dariyar ta ɗauke. Ya miƙo mini wayar. "Wani yaro ne ya riƙe ni a nan, a bakin kogi. Jirgin ƙasa ɗaya ya kwashe mu daga Zariya. Da ƙyar aka ɓamɓare hannunsa."

Ya tashi ya shige ciki, ya bar takalmansa a zaure.

Da yamma kakata ta same ni a tsakar gida riƙe da kwanon tuwonsa, ko loma ɗaya ba a taɓa ba.

"Me kika ce wa mijin naki?"

Na ce tambayar makaranta ce kawai. Ta ce in nemi wani a dangi, ai akwai kawuna direban tirela. Tarihinsa na kai wa malam.