Ranar da Yaya Sani Ya Kifa Masaki a Kududdufi

Wata Alhamis ce cikin Oktoba, ana tsakiyar girbin gero, shekarar da na shiga aji uku a lakol, wato makarantar bokon ƙauyenmu kusa da Gazawa. Ina durƙushe bakin kududdufi ina wanke-wanke, sai ga yayana Sani da babban masakin Inna a ka, abokansa na biye, ya ɗaure ƙugu da tsumma cike da duwatsu. Na dakata da wanke-wanken, don na san abin da ya kawo shi.

A makon ne malaminsu ya zana musu wani jirgi mai kama da tarwaɗa, ya ce sunansa sous-marin da Faransanci. Wai asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawan dā: sub shi ne ƙarƙashi, mare kuwa teku, wato jirgin da ke tafiya ƙarƙashin teku, mutane a ciki suna numfashi abinsu. Mu da ko babban gulbi ba mu taɓa gani ba! Sani ya dawo gida ya kifa ƙoƙo cikin randa, ya ga cikinsa bai jiƙe ba. Shi ke nan, ya ce shi ma da masaki zai yi numfashi ƙarƙashin ruwa, ba mai tanƙwara shi.

"Yaya, don Allah ka bari," na ce. Ya ce, "Ke tafi can, matsoraciya." Ya kifa masakin a kansa, ya riƙe bakinsa da hannu biyu, ya shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙirji. Ya manta cewa da rani nan ne magina ke haƙar ƙasar tubali, akwai rami a tsakiya da zai haɗiye raƙumi. Sai kawai muka ga masaki ya taso shi kaɗai yana juyawa.

Na miƙe zumbur. Abokan nasa, 'yan banza, suka watse. Allah ya sa wani Bafillace na shayar da shanu a ɗaya gefen. Ya faɗa ruwan da rigarsa, ya nutse, ya taso hannu wayam, ya sake nutsewa. Ƙafar Sani ya kamo, ya jawo shi waje. Ya yanke tsumman da wuƙa, ya yi ta danna cikinsa har ya amayar da ruwan laka ya yi tari. Da aka kai shi gida, Inna ko dungurinsa ba ta yi ba, ta zauna riƙe da ƙafarsa har la'asar.

Yau an cike kududdufin, gidaje sun hau kansa, ko kukan kwaɗin da nake kewa babu. 'Ya'yana na kallon irin jirgin nan a waya, Sani da furfurarsa yana ba su labarin suna ta ƙyalƙyala dariya. Inna da za ta tsawata musu ta riga mu gidan gaskiya. Tsoron ranar nan, ni kaɗai aka bar wa.