Anti Lami ta tafi, Litinin ake buɗe makaranta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Anti Lami ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni. Ina durƙushe a ɗan asibitinmu ina ɗaure wa wani masunci ƙafar da ƙugiya ta yaga, sai waya ta yi ƙara. Babban ɗanta ne. Ya ce, "Anti Dije, Innarmu ta faɗi bayan sallar asuba. Kafin mu kai ta asibiti rai ya yi halinsa." Wallahi ban san yadda na ƙarasa ɗaurin nan ba.

Na je Yelwa na dawo, amma har yanzu na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito, in ɗora ruwa a wuta in manta da shi. Shi ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu.

Ga wanda bai san ta ba, ungozoma ce. A hannunta na koyi aiki a Yelwa, kafin a turo ni nan ƙauyen bakin ruwa ta wajen Wara. Baki gare ta kamar reza. Ranar farko da na kasa samun jijiyar wani jariri, ta ture ni gefe ta ce, "Ke hannu gare ki ko muciya?" Da aka tashi kuma ita ta zaunar da ni ta miƙo mini hannunta ta ce in koya a kai.

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwon ajali, ita ta riƙe mini aikina har aka share makoki, ba ta taɓa tayar da zancen ba.

In na aika mata kifin banda sai ta bugo waya tana faɗa, "Dije, kin mai da ni kyanwa ne?" Sati na zagayowa ta tambayi direba ko babu saƙo.

Ita ta karɓi haihuwar ɗiyata Nafisa. Kuma maganar Nafisar ce ta hana ni sukuni yau, bayan zafin rashin.

Bana ta gama firamare. Mu nan babu sakandaren da za a kai yaro, sai an fita. Makarantun kuɗi guda biyu suka sa mu gaba. Har bakin ruwa suke biyo mu ranar kasuwa da hotunansu, kowa na kushe ɗan'uwansa. Ɗaya ta kwana ce, can bayan gari, ga doguwar katanga, ga ɗakin kwamfuta, ga motar makaranta sai sheƙi take. Ɗayar ta jeka-ka-dawo ce a cikin Yelwa, matsattsiya, daga aji kana jin hon ɗin 'yan acaba.

Baban Nafisa ta kwanan yake so. Ni kuwa tun da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a makarantar kwana ta Birnin Yauri, ko sunan makarantar kwana ba na son ji. Mun san iyayen da suka yi wannan jiran. Mun ga yadda suka koma.

Muka yi ta ja, har magana ta daina haɗa mu a gida. Sai Inna, surukata, ta kawo nata maganin: yarinya ta zauna shekara ɗaya ta taya ta bandar kifi, kafin hankali ya kwanta. Shekara ɗaya! Mu da muke ƙauyen nan mun san wannan shekarar. Duk yarinyar da ta zauna gaban banda da sunan shekara ɗaya, ban ga wadda ta koma aji ba.

Na kai wa Anti Lami kuka. Ta ce in share hancina in taho mu je mu gani da idonmu.

Ta ƙi zuwa ranar da suka gayyaci iyaye, ta ce ranar ko juji wanka ake yi masa. Wata Talata muka faɗa musu babu sanarwa. Shugaban ta kwanan ya taso da fara'a zai kai mu ɗakin kwamfuta, ta ce, "Malam, dakata. Kai mu bayin 'yan mata tukuna." Ta leƙa, ta murɗa famfo ta ga ko da ruwa. Ta ce a nuna mata inda ake kwantar da yarinya in zazzaɓi ya kama ta, a kuma kira mata matar da ke kwana da su. Ta zauna da matar nan suna ta hira kamar sun saba. Haka ta yi wa ta cikin gari ma, har sai da kunya ta kama ni.

A hanya na ƙosa ta ce mini ta kwanan ba ta yi ba. Ina! Cewa ta yi, "Ba ni yi miki ƙarya, Dije. Ta kwanan ta fi tsafta, ta fi malamai, matar nan kuma uwa ce. Amma na ga idonki tunda munka shiga, katanga kike aunawa. Kawo ta ta cikin gari, ta zauna wurina."

Ita da kanta ta kira Baban Nafisa. Ya fara kawo uzuri, wai ba a ɗora wa mutane nauyi. Ta ce, "Wane mutane? Wagga ɗiya ni na fara ganin ta kafin kai. Riƙo zan yi, ba aro ba." Ya yi dariya ya sallama. Ya ce mini don dai hannunta ne, ba don haka ba ɗiyarsa ba ta kwana gidan kowa.

Ganina da ita na ƙarshe ranar kasuwar da ta wuce ne. Muka kai Nafisa wurin tela awon yunifom. Ta tsaya kan tela sai ya bar kalmasa mai yawa, wai yarinyar nan tsawo za ta yi kamar ubanta. Ta kai mu gida ta nuna mana katifar da ta shimfiɗa kusa da gadonta. Ta rako mu har tasha tana yi mini tsiya, "Tsoro gare ki kamar farar kura. Ke dai bar ɗiya ta yi karatu, ko ina ne."

Na ce mata sai Litinin. Ta ce in taho da kifi.

Yau kafin in isa har an kai ta. Mijinta, Malam Garba, ya sa aka kira ni zaure. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, "Dije, alkawarin marigayiya shina nan. Ki kawo yarinya." Nan kukan da nake riƙewa ya ƙwace mini.

Allah Ya saka masa da alheri. Amma shi ya sani, ni ma na sani. Da an yi sadakar bakwai matan da suka cika gidan nan za su watse, ya rage shi da samari biyu. Ba a ba da riƙon ɗiya mace gidan da babu mace. Na bi gidajen Yelwa ɗaya bayan ɗaya a zuciyata muna cikin mota, ban samu inda zan ajiye ta in juya baya ba.

Muna shigowa gida Inna ta yi mini gaisuwa, ba ta ko numfasa ba ta ɗora da cewa to ga shi Allah Ya nuna mana, yarinya ta zauna. Na haɗiye abin da ya taso mini, don ba ranar faɗa ba ce.

Nafisa na bakin ƙofa rungume da yunifom ɗin da tela ya aiko, wanda ba za ta sa ba. Ta ce, "Mama, shi ke nan na fasa?"

Na dubi babanta na ce ya kira mutanen ta kwanan, ya ji ko da sauran gurbi. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Ke da bakinki?" Na ce ya kira kafin in canza. Sun ce akwai.

Ba wai tsoron ya tafi ba ne. Yana nan.

Ya Allah Ka gafarta wa Anti Lami. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Yadda ta tarbi 'ya'yan mutane da hannu biyu ranar da suka zo duniya, Ka sa mala'ikun rahama su tarbe ta. Ka ba Malam Garba da yaransa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata Ƙulhuwallahu, ko bai san ta ba. In kun shafa, ku ƙara da Nafisa da duk 'ya'yan da ke kwana nesa da iyayensu, Allah Ya tsare su. Litinin zan kai ta da ƙafata, in baro ta a can.