Ranar da Na Shafe Muryar Kaka

Jiya na ji ana lugude a gidan maƙwabta, taɓarya biyu, amma babu waƙa. Sai na tsaya cik a bakin ƙofa. A gidanmu na Dakoro, sa'ad da nake yarinya, ba a daka baki shiru.

Kakata ta wajen uba ce mai ba da waƙa. Bayan girbi, idan ƙamshin sabon gero ya cika gida, takan zauna gindin bedi tana rerawa, mata na amshi. A ciki take jera rijiyoyin da suka shayar da bisashe tun daga Korahane har Tagriss, da sunan ɗanta na fari da ya rasu shekarar yunwa. In ta zo nan, muryarta takan yi ƙasa.

Wata shekara Baffa ya dawo cin rani da rakoda, ya ce zai ɗauki muryarta.

Ta ce, "Ni ba ni yi wa akwati waƙa."

Da ƙyar ta yarda, ta cika kaset guda. Da aka kunna mata, ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Ina 'yar sha biyar waƙoƙin fiyano suka shigo gari. Kowane biki su ake sawa. Ƙawata ta lakwal, wato makarantar boko, ta ara mini kaset ɗinta na yini ɗaya, ni kuwa ba ni da sabo da zan kwafa. Na ɗauko na Kaka, na danna jan maɓalli. Na ce a raina ai tana nan, sai ta sake.

Daminar wannan shekarar Kaka ta rasu. Bayan sadakar arba'in, Baba ya sayo pil na rakoda, ya tara mu a tsakar gida, ya kunna kaset ɗinta. Sai ga kiɗan fiyano. Ya kashe, ya dube ni.

"Ke ce?"

Na ce ni ce. Bai dake ni ba. Ya ɗauki hauyarsa ya fita.

Waccan waƙar da na mutu a kanta, yau ko a tasha ba a sa ta. 'Ya'yana suna da ɗaruruwa a salula, kowane wata da sabuwa. Kwanan baya babbar ta ce in rera mata ta Kaka. Na kawo rijiya huɗu, na tsaya. Sunan yaron kuwa, na tambayi duk wanda ya rage a gidanmu, babu mai tunawa.