Injin da Alhaji Ya Ce Ba a Taɓa Buɗewa Ba

Cikin duk ranakun da na yi a wannan sana'a, akwai wadda har gobe ba ta fita raina ba, wato ranar da Alhaji Lawal ya shigo garejinmu na Unguwar Shanu da motarsa, da wani ƙaton kwali a kujerar baya. Ku da kuka zo daga baya kuna ganin motar tana wucewa kuna ƙyasawa, to ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

A lokacin na riga na zama mai gareji. Ga wanda bai san tsarinmu ba, mutum yakan fara da wankin noti da miƙa sifana, ya kai matsayin da ake barin sa ya sauke inji shi kaɗai, sannan maigidansa ya yaye shi ya buɗe nasa wurin. Da zarar ka kai nan, babu sauran wanda za ka ɓuya a bayansa. In magana mai daɗi ce kai za ka faɗa wa mai mota, in mai ɗaci ce ma kai ne.

Alhaji Lawal babban ma'aikacin gwamnati ne da bai daɗe da yin ritaya ba, gidansa yana Doka. Motar tasa 'yar Jamus ce, ƙofa biyu, silinda shida, giyar hannu, irin waɗanda aka ƙera don gudu. Sabuwa dal ya saye ta tun yana matashin jami'i, kusan shekara talatin ke nan. Ni nake masa juyen baƙin mai da canjin fulogi da birki, amma iyakata ke nan. Duk wanda ya san Alhaji ya san abin da yake tinƙaho da shi. Ko a majalisarsu ta ƙofar gida, ko a wurin ɗaurin aure, sai ya dafa bonet ya ce, "Wannan injin, tun da Bature ya ɗaure shi, sifana ba ta taɓa hawa kansa ba." Kun dai san yadda mutanenmu suke ɗaukar injin da ba a taɓa buɗewa ba. Wani ya gwammace motarsa ta yi ta hayaƙi kamar murhun masu ƙosai da a ce an buɗe ta.

Abin da ke cikin kwalin kuwa sufacaja ce, ɗansa Mukhtar ya aiko masa daga ƙasar waje, kyautar ritaya. Sufacaja aikinta ɗaya da zugazugin maƙeri. Bel ke juya ta, ita kuma tana ɗura wa inji iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, wuta ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Amma duk wani rauni da inji yake ɓoyewa, ranar da aka ɗora masa ita zai tona kansa.

Alhaji ya ce, "Sabo, ga ta nan. Ka ɗaura min, amma da sharaɗi. Kada ka buɗe min inji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a ɗora wa tsoho buhu sai an tambayi lafiyar bayansa. Bari in gwada shi tukuna. In ya ci jarrabawa, ba sai an buɗe ba."

Ya yi dariya ya ce, "Gwada har ka gaji. Zai ba ka kunya."

Wallahi ni ma haka nake fata, don ina ƙaunar mutumin nan.

Na fara da abin da ke waje. Na sauke lagireto aka wanke, don ruwan famfo zalla ake zuba mata, cikinta duk tsatsa. Na canja tiyoyin ruwa da suka bushe. Na gwada famfon mai na ga ba zai iya ciyar da sufacaja ba, na ajiye shi gefe tare da nozul-nozul ɗin da ke fesa mai cikin inji, don sai an sa manya. Na duba kuloci, na duba birki, saboda banza ne ka ƙara wa mota gudu ba ka ƙara mata tsayawa ba. Duk wannan bai dame ni ba, aiki ne na kullum.

Sai na zo gwajin matsi. Ana cire fulogi ne a ɗaura geji a raminsa, a buga sitata, allura ta nuna yadda silinda ke matse iska. A tsohon inji abin da ake tsoro shi ne allura ta kasa tashi, alamar ringi sun gaji. Na buga na farko, sai allura ta haura, ta wuce inda ya kamata sabon inji ma ya tsaya. Na ce geji ya lalace. Na aro na maƙwabcina, na sake. Haka. Na bi sauran silindodin, duk bakinsu ɗaya.

Inji ba ya ƙara matsi don ya tsufa. Ko dai datti ya taru a kan fistin, ko kuwa an taɓa cire kan injin, wanda muke kira tof, an kai shi an kankare. In mota ta yi zafi har tof ya lanƙwashe, haka ake yi, a kai wa masu inji a Panteka su rage shi ya daidaita. To in an rage shi, ɗakin wuta ya ƙanƙance, matsi ya ƙaru.

Na haska ramin fulogi, kan fistin tsaf. Na cire murfin sama, wanda shi ba ya cikin buɗe inji, na duba kawunan notin tof. Ga shatin sifana nan ɓaro-ɓaro. Na sunkuya ta bayan inji, wajen da ido ba ya kaiwa, na sa yatsa a bakin gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof da jikin inji, sai na kankaro busasshen shalak, wannan jan gam ɗin da tsofaffin kanikawanmu suke shafawa. Bature bai taɓa sa shalak a injinsa ba.

Na zauna a kan taya na yi tagumi. In na yi shiru na ɗaura sufacaja a kan wannan matsin, mai zai riƙa kamawa kafin lokacinsa, inji ya fara ƙwanƙwasa, ba da jimawa ba fistin ya huje. Maganin abin sananne ne, a cire tof a sa gasket mai kauri da sababbin notuna masu ƙarfi, matsi ya sauko. Amma hakan na nufin in dubi idon dattijo in ce masa abin da ya yi shekara talatin yana faɗa wa duniya ba gaskiya ba ne.

Kamar da gangan, washegari sai ga shi da abokansa biyu na majalisa, sun zo kallo. Ɗayansu, wani tsohon akanta mai tsokana, tun daga nesa yake cewa, "Malam Sabo, faɗi gaskiya, an taɓa buɗewa ko ba a taɓa ba?"

Na ce masa, "Yallaɓai, ai ni likita ne, ba na karanta sakamako a gaban 'yan dubiya."

Suka fashe da dariya, Alhaji Lawal ma ya yi. Amma da za su tafi na raka shi na ce a hankali, "Zan zo gida bayan la'asar." Ya dube ni, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

Na same shi a falo. Uwargidansa, Hajiya Rabi, wadda ta yi shugabar makaranta kafin ita ma ta ajiye aiki, ta kawo min kunun aya mai sanyi, muka gaisa, ta koma ciki. Na kurɓa, na ajiye, na yi bayani dalla-dalla tun daga geji har zuwa shatin sifana. Na fito da ɗan ɓawon shalak ɗin da na ƙunso a leda na ajiye a gabansa.

Alhaji ya miƙe tsaye. "Sabo, kana nufin ƙarya nake yi?"

"Allah ya kiyaye, ranka ya daɗe. Na ce an buɗe, ban ce ka sani ba."

"Wa zai buɗe? Ni kaɗai nake tuƙa ta! Direban ofis bai taɓa riƙe makullinta ba. Mukhtar ko wanke ta zai yi sai ina tsaye. Ko dai kai ne ka buɗe, kake neman abin fakewa?"

Wannan ta yi min zafi, ba zan ɓoye muku ba. Na ce, "Alhaji, wannan shalak ɗin ya girmi garejina."

Yana ta kai da kawo yana lissafa mutanen da zai tuhuma, har da wani ƙaninsa da ya rasu. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina da-na-sanin zuwa. Sai muka ji murya daga bakin labule.

"Malam Sabo, shalak ɗin ja ne?"

Na ce, "Ja ne, Hajiya."

Ta ce, "Kai, Allah ya ji ƙan Malam Iro na Rigasa. Sai da na ce masa ya goge ko'ina, ashe ya bar na baya."

Hajiya ta shigo ta zauna a kujerarta, ta gyara mayafi kamar za ta buɗe taron malamai.

Ta ce, "Baban Mukhtar, ka tuna shekarar da aka tura ka kwas Legas, ka bar min makulli ka ce in riƙa tayar da ita tana ɗumi? To na tayar. Da ta yi ɗumi sai na ga ai zama wuri ɗaya ba ya mata kyau, na fita da ita hanyar Zariya."

Alhaji ya ce da wata siririyar murya, "Wani ne ba lafiya?"

"Kowa lafiya lau. Sha'awa ce kawai. Kullum ina gefenka kana tafiya da ita kamar mai ɗauke da ƙwai, ni kuwa ina jin tana roƙo a sake ta. Wajen Jaji tiyon ruwa ya fashe, ban ankara ba sai da hayaƙi ya turnuƙe. Na sa aka ja ta zuwa Rigasa, inda babu abokinka ko ɗaya da zai gani. Kafin ka dawo Malam Iro ya gama. Da ka dawo na yi niyyar faɗa maka, sai na ji ka a ƙofar gida kana cewa sifana ba ta taɓa hawa kansa ba. Ka faɗa da daɗi ƙwarai, na kasa."

Ni dai na fara neman takalmina da ido. Na ce yau na zo gyaran mota na ɓata gida. Alhaji ya koma ya zauna, ya ɗauki ɓawon shalak ɗin yana juya shi a tafin hannu. Can ya ɗago.

"Rabi."

"Na'am."

"Har ina allurar gudun ta kai?"

Hajiya ta ɗaga yatsa ta zana rabin da'ira a iska, ta kai shi can ƙasa ta dama, ta tsayar.

Alhaji ya ce, "La ilaha illallahu! Ni ko tsakiya ban taɓa wucewa ba." Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce. Ya yi ta yi har hularsa ta faɗi, Hajiya ta rufe baki da mayafi, ni ma na saki tawa da na daɗe ina dannewa. Da ya lafa ya share ido ya ce, "Sabo, ka yafe min maganar ɗazu. Je ka buɗe. Buɗe shi gaba ɗaya."

Da na sauke tof na ga aikin Malam Iro, na yi masa addu'a, don ya yi shi da tsoron Allah. Na sa gasket mai kauri, na ɗaure sababbin notuna bi da bi daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo, ba da ƙarfin dantse ba. Na sa babban famfon mai da manyan nozul, da fulogin da ke jure zafi. Da na ɗora sufacaja na zaɓi fuli, wato gargaren da bel ke bi, wanda ba ya matsa wa inji sosai, don a fara a hankali. Sannan na kira wani mai saita kwamfutar mota, ya daidaita mai da wuta, ni ina gefe kunne a kan inji ina sauraren ƙwanƙwasa. Ba mu ji ko ɗaya ba. Na kuma gargaɗi Alhaji cewa daga yau babu shi babu man 'yan bumburutu, ko da layin gidan mai ya kai Kawo.

Ranar gwaji su biyu suka zo. Na miƙa wa Alhaji makulli, ya karɓa, ya miƙa wa Hajiya, ya zagaya ya shiga gefe. Ni aka cusa ni a baya, gwiwoyina a haɓa. Na roƙe ta ta bi a hankali, inji sabon ɗauri ne, ta ce to. Ta kuwa cika alkawari, sai dai sau ɗaya da hanya ta buɗe ta ɗan taɓa totur a giya ta uku. Sufacaja ta yi wani siririn fito, kujera ta manne min a baya, Alhaji ya damƙe hularsa da hannu biyu yana salati yana dariya.

Abin da ya rage min a rai shi ne majalisa, don na san tsohon akantan nan ba zai bar shi ya sha ruwa ba. Bayan 'yan kwanaki na kai wa Alhaji tsofaffin kayan da na cire, na tarar da su zaune a ƙofar gida. Akanta na ganina ya tafa hannu.

"Yawwa, ga likita! Lawal, ashe an taɓa buɗewa?"

Alhaji ya gyara zama, ya dafa gwiwa. Ya ce, "An buɗe, tun da daɗewa ma. Matata ce ta ƙona shi a hanyar Zariya, allura a ƙarshe. A cikin matanku wace ce za ta iya?"



To ku masu koyo, ku riƙe wannan. Duk abin da aka yi wa inji yana nan a jikinsa, kuma ku za ku fara gani kafin mai shi. Kada ku ɓoye masa don kunya, don in kun ɓoye fistin ne zai faɗa masa a tsakiyar hanya. Amma ku zaɓi inda za ku faɗa. Da na buɗe baki a gareji a gaban abokansa, da na kunyata dattijo, kuma da Hajiya ba ta ji ba, balle ta fito daga bayan labule.