Ɓeran Ƙasa a Gonar Doyar Mama

Mu dai ɓeran ƙasa muke ce masa. Abin banza ne, bai kai tafin hannu ba, idanu kamar ƙwayar gero, haƙora a waje ko da bakinsa a rufe yake. Ba ya fitowa sarari. Sai dai a wayi gari a ga sabuwar ƙasa tsibi-tsibi, ganyen doya ya yi yaushi, a san ya ci ta ta ƙasa.

Daminar da ta biyo bayan rasuwar babanmu ya shiga gonar Mama a Kagoma. Doyar nan ita ce abincinmu, ita ce irin baɗi.

Mama ta san lagonsa. Ya tsani iska a raminsa. Buɗe ramin kaɗan ake yi, a tsuguna shiru da fartanya, in ya zo toshewa a sara ta bayansa. Kwana biyu tana dako.

Sai ga ƙanen babanmu a kan babur daga Kafanchan, mai bakin da ba ya hutawa. Wai shi ya ƙarar da gafiyoyin unguwarsu.

"Tashi, Madam," ya ce wa Mama. "Wannan ba aikin mace ba."

"Baffan yara, ai ba gafiya ba ne," in ji Mama.

Ina! Ya cusa ciyawa da barkono a ramin, ya kunna wuta. Ɓeran ya toshe hanyarsa, hayaƙin ya dawo fuskar gwanin. Ga tari, ga majina. Wallahi na ji daɗi.

Haushi ya sa ya ɗauki garma ya bi ramin. Ramin kuwa rassa gare shi, ta ko'ina ya bi. Haka sakaran nan ya dinga farke kunya bayan kunya, yana sassare doyar da ba ta ƙosa ba. Mama tana tsaye, hannu a ƙirji. Gonar ta dangin babanmu ce, kalma ɗaya in ta yi tsauri sai a ce ta bar musu ƙasarsu.

Ko jelar ɓeran bai gani ba. Da la'asar ya share gumi, wai ya kore shi har abada, ya ɗaure doya uku masu ɗan kyau a bayan babur, ladan wahalarsa. Tir!

Muka tsince gutsattsarin a kwando. Da lokacin shuka ya zagayo, sai da Mama ta yi ƙwadago a gonakin mutane kafin ta sami irin da za ta binne a tata.