Akwatin da Ke Kwana a Ɗaki

Har yau ban manta ranar da na tsaya a gonar Inna Hajo a fadamar Gummi ba, ina kallon shinkafarta ta ƙone ƙurmus. Lokacin ina ƙaramin injiniya a wani shirin noman rani.

Mun kafa ƙananan akwatuna a kan turaku, kowanne da batirinsa. Su ke buɗe wa gonaki ruwa. Saƙon buɗe ruwan ba ya tafiya kai tsaye, wannan ke miƙa wa wancan har ya isa. Don kada batir ya ƙare, barci suke yi, sai su farka tare na ɗan ƙiftawar ido, su gyara agogonsu da na maƙwabci. Wanda ya rasa maƙwabcinsa ba ya komawa barci, nema zai yi ta yi har batirinsa ya mutu.

Cikin watan Maris akwatunan ƙarshen layi, inda gonar Inna Hajo take, suka daina aiki. Na gaya wa ogana, ya ce hanya ba lafiya, ba zai ba da mota ba. Da ƙyar na samu mai babur bayan mako biyu.

Na tarar da Malam Ɗanjuma, maigadin wurin, yana ɗaure akwatin tsakiya a turkensa.

"Malam, ina ka kai shi?"

"Gida shika kwana, injiniya. Nan ko injin ban-ruwa ba a bari nai daji. Amana anka ba ni."

Kullum da la'asar yake kwance shi, ya maido da safe, har da goge masa ƙura. Na bayansa duk sun mutu suna nemansa. Kuma gaskiyarsa, da ya bar shi da tuni an sace.

Inna Hajo, wadda ke riƙe da marayun ɗanta, ta sayar da injinta na ban-ruwa tun da muka ce ba ta buƙatarsa. Ba ta zage ni ba.

"Ɗana, yanzu mi za ni ba yaran ga?"

Raina ya ɓaci, kuma bai gyaru ba har aka rufe shirin. Abin da na koya ba mai daɗi ba ne: mun gina abin da ba ya aiki sai an bar shi a fili, a ƙasar da ba a iya barin komai a fili. Mu aka sauya mana wurin aiki, ita tana can.