Fanshon 'Yar Fari

Kuɗin gumina ne, kuma da aka tashi juya shi ba wanda ya tambaye ni. Abin da ya ɓata min rai ke nan, kuma har yau da nake rubuta muku ban ga dalilin sassauta maganar ba.

'Yan shekarun baya ne, muna zaune a unguwar Malaz ta birnin Riyad cikin wata ƙaramar shagga, wato gidan haya, a saman shagon masu gyaran waya. Maigidana direba ne a ofishin jakadanci. Ni kuma ina yi wa iyalin wani babban ma'aikacin ofishin girki, ranar Juma'a in toya waina in sayar wa 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka samu hutu.

'Yata ta fari ba a hannuna ta tashi ba. Tana ƙarama yayan maigidana da ke Amurka ya ce a ba shi ita, don matarsa maza kawai ta haifa. Aka ba shi. A gidanmu idan babban wa ya miƙo hannu ba a tsayawa shawara da uwa, balle a kan 'yar fari, wadda ko sunanta ba na kamawa. "Yarinyar nan" nake ce mata. Ita kuma matar Yaya take kira Mami, ni sai ta ce Umman Riyad. Idan ta bugo waya mukan gaisa, ya aiki, ya sanyi, sai in miƙa wa babanta in koma kicin in kasa kunne. Haka na ga uwata ta yi da yayata, ban taɓa ganin aibun abin ba.

Abin da kunya ba ta hana ni ba shi ne aike. Yaya ya buɗe mata asusun karatu a can tun tana firamare, irin wanda ake tara wa yaro kuɗin jami'a. Duk ƙarshen wata sai in hau mota zuwa kasuwar Batha, in bi layin masu hawala, wato masu tura kuɗi ƙetare, cikin zafi da turereniya, in tura abin da ya sawwaƙa. A lokacin dangwala yatsa nake yi. Sai da na haura arba'in na riƙe biro, a ajin da matan ofishin jakadanci suka buɗe mana a unguwar Badi'a. Tun da na iya karatu kuwa na zama fitina. Ko rasit ɗin albasa aka ba ni sai na bi shi layi-layi da yatsa, mai shago na jira, na bayana na tsaki.

Yarinyar nan Allah ya ba ta kai. Ta samu tallafin karatu, jami'a ta ɗauke mata kusan komai, ta gama, ta kama aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Kuɗin ya zauna a asusu. Ni a raina na riga na ware shi na kayan ɗaki, ko da yake ban faɗa wa kowa ba.

Wata rana ina tankaɗe sai saƙon murya ya shigo guruf ɗin 'yan uwa. Yaya ne. Bayan doguwar gaisuwa da addu'a ya ce wata sabuwar doka ta fito a can, wadda ta ba da damar a kwashe ragowar kuɗin karatu a mayar asusun fansho, kuma ya riga ya fara. Ya ce takardar haraji za ta fito a kai, amma kada kowa ya damu, shi zai ji da ita. Dangi suka yi ta sa albarka, har da masu turo hoton fure.

Na saurari saƙon nan har na haddace shi. Fansho? Yarinyar da ko aure ba ta yi ba? A duk gidan nan mutum ɗaya na sani wanda furfura ta cika wa gemu yake kuma maganar ajiye aiki, shi ne mai saƙon. Sannan bai ce fanshon wa ba. Na koma na sake ji, ko kunnena ne. Bai faɗa ba.

Kalmar haraji ita ta fi tsaya min a wuya. A nan Riyad ba a cire mana haraji a albashi. Abin da muka sani kuɗin iƙama ne, wato takardar izinin zama, da na sabunta wannan da wancan. Amma na daɗe a Batha, na san duk wanda zai yanki wani abu daga kuɗinka, da sunan hukuma yake fara magana. Idan mutum ya ce min gwamnati ce ta cire, hannunsa nake kallo.

Na tari maigidana da maganar yana cin abinci. Ya ce in bari ya gama. Da ya gama ya ce in bari ya yi salla. Da ya idar ya ce Yaya ya riƙe yarinyar nan tun ba ta iya ɗaura zane ba, ya ciyar, ya tufatar, bai taɓa neman ko riyal ɗaya ba, yanzu da wane baki za a ce masa ya kawo bayani. Na ce da bakin da aka ce in riƙa turawa. Ya ɗauki makullin mota ya ce yana da ɗauko baƙi a filin jirgi, alhali na san ranar ba shi da aiki.

Sai na bi ta wurin facalata, matar Yaya, na buga mata waya. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi ciwon ƙafarta, na tambayi yara, na ce na ji ana ta hidima da takardu, Allah ya saka. Ta ce wallahi 'yar uwa ita ba ta san kan waɗannan abubuwa ba, Alhaji ne ya sani. Matar da ta san farashin komai a gidan nan har na madarar jikanta, wai ba ta sani ba. Na ajiye wayar zargina ya ninka.

Alhajin gidan da nake girki shi ke kula da harkar kuɗi a ofis. Na jira ranar da na yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka irin yadda yake so, na kawo masa maganar kamar ta wata ƙawata ce. Ya yi dariya ya ce Iya, ƙawar nan taki da ke ta yi kama. Ya ce shi dokar Amurka ba fanninsa ba ce, amma ya duba a wayarsa ya karanta min yana fassarawa. Dokar gaskiya ce. Sai dai kuɗin ba ya shiga fanshon kowa sai na yaron da aka buɗe asusun da sunansa, kuma ba a kwashewa gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ake yi duk shekara. Idan an bi hanya, takardar haraji da sunan yaron take fitowa, shi zai kai wa mai cika masa takardun harajinsa. Idan kuwa mai riƙe da asusun ne ya cire kuɗin zuwa aljihunsa, da sunansa za ta fito, a kuma ci shi haraji da tara a kan ribar.

Na ce to ta yaya zan san sunan wa ke kai.

Ya ce, "Iya, ai yarinyar za ki tambaya. Ba 'yarki ba ce?"

Na kwashe kwanuka na koma kicin. Shi ɗan boko ne tun na haihuwa, yana kiran ɗansa na fari da sunansa a gaban mutane, har ya zauna da shi su yi ta gardamar ƙwallo. Ni a tsawon rayuwata ban taɓa yi wa yarinyar nan tambayar da ta wuce ta gaisuwa ba. In kira ta in ce karanta min takarda, ai na gaya mata ke nan ina zargin mutumin da take kira Baba. Kuma na tsallake shi, na tsallake matarsa, na shiga tsakanin 'ya da iyayen riƙonta. Ni da ba na tsoron kafili mai riƙe da takardun zamanmu, ba na tsoron 'yan sandan Batha, sai ga ni ina ɗaukar waya ina ajiyewa kamar garwashi.

Ana cikin haka Yaya ya zo Umra, ya biyo ta Riyad zai ɗan kwana biyu. Na yi girki kamar na salla. Na durƙusa na gaishe shi daga bakin ƙofa yadda na saba. Ya kawo min turare da atamfa, ya ce yarinyar nan ce ta zaɓa. Na karɓa na yi godiya, a raina ina cewa ko toshiyar baki ce. Ku yi min uzuri, idan zargi ya kama mutum ko ruwa aka ba shi sai ya leƙa ƙasan kofin.

Bayan la'asar suna shan shayi a falo shi da ƙaninsa. Na shigo da dabino, na ajiye, maimakon in fita sai na zauna a ƙasa. Maigidana ya kalle ni, na kalli bango.

Na ce, "Yaya, a yi min haƙuri. Kuɗin karatun nan da aka mayar fansho, fanshon wa?"

Ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce na yarinyar mana, na wa zai zama. Na ce to takardar harajin da ya ce zai ji da ita, me ya sa shi zai ji da ita idan da sunanta ta fito. Ya ce don mai cika masa takardu shi ke cika mata. Na ce ko zan iya ganinta. Ya ce ba ya yawo da takardun haraji zuwa ɗakin Allah. Maigidana ya shiga cewa Yaya ka rabu da ita, tun da ta shiga ajin nan na Badi'a ba mu huta ba.

Yaya ya ɗaga masa hannu. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Ya ce, "Hajiya, ranar da kuka ba ni yarinyar nan ba ku ce min aro ba ne. Ita ce ma ta kawo maganar fanshon, ba ni ba. Amma in zuciyarki ba ta kwanta ba, ina komawa zan cire abin da ya rage in turo miki. Za su ci haraji, za su ci tara, abin da ya saura naki ne. Daga nan kuma sha'aninta ya dawo hannunku, aurenta da komai. Ki faɗa min kafin in tashi."

Ya miƙe ya ce zai je masallaci. Ƙaninsa ya bi shi da takalmi a hannu, ko kallona bai yi ba.

Na zauna da dabinon a gabana. Maganar gaskiya, ko a lokacin ban yarda da shi ba. Na ce a raina mai gaskiya da mai wayo duk haka za su yi magana, duk su biyun sun iya fushi. Amma na ga abin da ke gabana sarai. In na ce turo, kuɗin ya ragu, yarinyar nan kuma ta rasa gidan da ta sani a ƙasar da ba ta da kowa. In na yi shiru, zan mutu ban san inda wainar da na toya ta tafi ba. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya raba wannan gardama, ita ce kuma wadda ban iya yi wa magana ba.

Na san za ku tambaya, don haka bari in faɗa muku tun yanzu. Sunanta ne a kan takardar. Yaya bai ci ko sisi ba. Ban ba shi haƙurin tambayar da na yi ba, kuma ba zan bayar ba, don wanda ya tara yana da hakkin a gaya masa kafin a juya. Kilishi dai na sa aka kai masa, ya aiko da godiya, muna gaisawa lafiya lau. Kayan ɗakin da na ƙudurta sun bi ruwa, har yanzu ban gama gane hikimar tara wa budurwa kuɗin tsufa ba. Kuma duk shekara idan aka sake kwasar wani kaso, sai an karanta min sabuwar takardar. Hali ne, ba ya fita. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda na zagaya Riyad kaf, na tambayi miji, na tambayi facala, na tambayi uban gida, na kusa raba zumuncin gida guda, duk don kada in buɗe baki in yi wa 'yar cikina magana.

Washegarin ranar da na tari Yaya, bayan sallar asuba, maza ba su dawo daga masallaci ba. Na lissafa, a can yarinyar nan ba ta kwanta ba tukuna. Na shiga kicin na ja ƙofa, na nemo lambarta da kaina na danna. Ta ɗauka ta ce Umman Riyad, lafiya, ko wani abu ne ya samu Baba?

Na ce a'a, ke nake nema. Sai na kira sunanta, sunan da aka raɗa mata ranar suna, wanda bai taɓa fita daga bakina ba.

Ta ce, "Na'am, Umma."

Na ce, "Ɗauko takardar harajin nan ki zauna. Ki karanta min tun daga sama, a hankali, ni ba na sauri."